Taska Uku a Gida Ɗaya: Shawarwari ga Ma'auratan Kilomita Biyar kan Adana Kalmomin Sirri

A unguwar Kilomita Biyar ta Bangui, ciniki ya daɗe da shiga cikin waya. Mai shago a kan titin Koudoukou ta WhatsApp yake duba samfurin kaya daga Duwala ko Dubai, ta Orange Money ake biyansa, hotunan rasit da lambobin abokan hulɗarsa kuma suna kwance a wani asusun Google da ko sunansa bai haddace ba. Uwargida ita ma tana da nata: turaren wuta, humra, ɗinki, adashi da ƙawaye, duk ta waya. Galibi kuwa, ranar da aka sayi wayar, yaron da ya sayar da ita ne ya buɗe Gmail ɗin, ya ƙirƙiro kalmar sirri daga kansa, ya miƙo waya aka tafi. Ba wanda zai sake tambaya sai ranar da wayar ta faɗa ruwa, ko aka fizge ta a kan babur, ko mai gyara ya goge ta, ta tashi tana neman tsohon asusun kafin ta buɗe.

Gidaje da yawa suna magance wannan ta ɗayan hanyoyi biyu, kuma duka biyun gurɓatattu ne. Wasu sai miji da mata su haɗa imel ɗaya da kalmar sirri ɗaya ga komai. Wasu kuma kowa ya ƙudundune nasa, ta yadda in ɗaya ya kwanta ciwo ko tafiya ta riƙe shi, ɗayan ba zai iya ko sabunta kuɗin Canal+ ba. Manhajar adana kalmomin sirri tana ba da hanya ta uku: kowa da taskarsa, sannan a yi ta uku don abin da ya shafi gida. Ga yadda za a bi.

1. Ku fara da biro da takarda, ku raba asusun gida uku. Kafin a sauke kowace manhaja, ku zauna bayan sallar isha'i, kowa ya rubuta sunayen asusun da yake da su, ba tare da kalmomin sirrinsu ba. Sannan a yi musu rabon da aka saba yi wa ɗakunan gida: turakar maigida, ɗakin uwargida, da tsakar gida da kowa ke ratsawa. Imel, WhatsApp, Facebook, TikTok, banki da Orange Money na mutum ɗaya ne, su zauna a taskarsa. Kalmar sirrin Wi-Fi ko na'urar intanet ta gida, Canal+, shafin makarantar yara, lambobin fasfo da takardun haihuwarsu, waɗannan na tsakar gida ne. Shago shi ne mai wuyar sha'ani. In jarin na mutum ɗaya ne, asusun shagon nasa ne. In ku biyu kuka zuba, ko uwargida ce ke riƙe lissafi idan Alhaji ya tafi sari, to ya shiga taskar gida. Dukiyar mace tata ce a shari'a, aure bai mayar da ita ta miji ba, kuma ban ga dalilin da zai sa hukuncin ya canza don dukiyar ta koma cikin waya ba.

2. Kowa ya mallaki imel ɗinsa da layinsa tukuna. Manhajar za ta rataya ne a kan imel, imel kuma ya rataya a kan lambar waya. In ba ku san kalmar sirrin Gmail ɗin da ke wayarku ba, ku sauya ta yau tun wayar tana hannu kuma tana buɗe, don a lokacin ne Google ya fi saurin yarda cewa ku ne. Ku duba lambar waya da imel ɗin da aka ajiye don dawo da asusu. Sau da yawa ta yaron da ya sayar da wayar ce, ko ta wani layi da aka daɗe da jefarwa. Layin da aka bari ba a amfani da shi, kamfani kan karɓe ya sayar wa wani, saƙonnin tabbatarwa kuma su riƙa zuwa wa baƙo.

Sai maganar rajista. Mata da yawa suna riƙe da layin Orange ko Telecel ko Moov da aka yi wa rajista da katin miji ko na wani ƙane. Kowa ya san wahalar samun katin ɗan ƙasa a unguwar nan, ba sai an faɗa ba. Amma ranar da layin ya ɓata, wanda sunansa ke cikin rajista shi kamfani zai saurara. Duk wadda ke da takardar shaida ta je ofishin kamfanin a mayar da layin sunanta, musamman in da shi take karɓar kuɗi.

3. Ku zaɓi manhajar da za ku iya riƙewa, ba wadda aka fi yi wa talla ba. A nan abu uku ne ma'auni: kada ta buƙaci biyan dala da katin Visa, wanda ba kowa ke da shi ba, ta buɗe ko da babu intanet, kuma ta ba mutum biyu damar raba wasu abubuwa su ɓoye wasu.

Da wannan ma'aunin, Bitwarden ce zaɓina ga yawancin gidaje. Kyauta ce, ba ta ƙayyade yawan kalmomin sirri ko yawan wayoyi ba, tana da Faransanci da Larabci, kuma tana ba mutum biyu taskar haɗin gwiwa ba tare da biyan ko sisi ba. In an taɓa shiga a waya, kwafin taskar yana nan a cikinta, ana iya karantawa ko an ɗauke sabis, sai dai ba a iya ƙara sabo sai intanet ta dawo.  1Password tana da kyau ƙwarai, amma ba ta da tsarin kyauta. Proton Pass, ta wani kamfanin Suwizalan da ta fito a 2023, ita ma tana da tsarin kyauta, ana iya gwada ta.

Akwai kuma wadda Google ya riga ya dasa a kowace wayar Android. Ta fi babu, nesa ba kusa ba. Matsalarta biyu: duk wanda ya san lambar buɗe allon wayarka zai iya karanta kalmomin duka, kuma in ka raba wata da iyalinka kwafi ne take turawa, wanda ba zai sauya ba ranar da ka sauya naka.

Wanda ba ya son ajiyarsa ta kwana a kwamfutar wani kamfani a Amurka ko Turai, akwai KeePassDX a Android. Ita fayil ɗaya take yi a cikin wayar, a kulle, ba ruwanta da intanet. Sai a yi fayil uku, nasa da nata da na gida. Amma nauyin kwafe fayil ɗin zuwa katin memori ko filas yana wuyanku, kuma in waya ta tafi babu kwafi, shi ke nan. Ga wanda ba shi da haƙurin wannan, ban ba shi shawararta ba.

In ɗayanku ƙaramar waya mai maɓallai yake riƙewa, ko karatun boko bai zauna masa ba, kada a tilasta masa manhaja. Ƙaramin littafi da ake kullewa a akwati ya ishe shi, kuma ya fi a ce kalmomin nasa duka suna hannun ɗayan.

4. Babbar kalmar sirri: kowa da tasa, kuma kada ta zama mai ma'ana. Ita kaɗai za a haddace, ita ce ke buɗe sauran. Kamfanin bai san ta ba, kuma in an manta ba zai iya dawo da ita ba. Wannan shi ne amfanin tsarin, shi ne kuma haɗarinsa. A 2022 ɓarayin intanet sun kwashe taskokin masu amfani da manhajar LastPass, suka tafi da su a kulle. Daga ranar, abin da ya rage tsakanin ɓarawo da dukiyar kowane mutum shi ne ƙarfin babbar kalmarsa, kuma ɓarawon yana da duk lokacin da yake so na gwaji.

Bitwarden ba ta karɓar ƙasa da haruffa 12, amma kada ku tsaya a nan. Ku haɗa kalmomi shida da ba su da dangantaka da juna. Mutumin Kilomita Biyar yana da wata riba da Bature ba shi da ita, don a bakinsa akwai Hausa da Sango da Fulatanci da Larabcin Chadi da Faransanci, sai ya gauraya. Misali: tukunya, gozo, nagge, jirgi, alli, mapa. Wannan ta riga ta fito a takarda, kada wani ya ɗauke ta. Kada ku zaɓo kalmomin da ka, domin zuciya gida take komawa, ta ɗauko sunan ɗa ko na garinsu. Ku buɗe ƙamus ɗin yara na makaranta ko wani babban littafi ido a rufe, inda yatsa ya sauka nan ne, in kun so ku juya kalmar zuwa wani harshen. Ban da aya, ban da karin magana, ban da 786 ta Bismillahi, ban da 236 ta kiran wayar ƙasar, ban da shekarar haihuwa ko ta aure. Ku kuma guji haruffa masu lanƙwasa, irin ƙ da ɗ da ɓ, don wata rana za ku shiga ta wayar aro da ba ta da su.

A makon farko a riƙa rubuta ta da hannu safe da yamma har ta zauna, sannan a koma buɗewa da yatsa.

5. Ku rubuta ta a takarda, ku rufe a ambulan. An daɗe ana cewa kada a rubuta kalmar sirri. Wannan gargaɗin ma'aikatan ofis ne masu manna takarda a jikin kwamfuta. A gida, mantuwa ta fi ɓarawo kusa. Kowannenku ya ɗauki takarda ɗaya ya rubuta imel ɗin da ya buɗe taska da shi, da kalmar sirrin imel ɗin, da babbar kalmar sirri, da lambar ceto da za a yi bayaninta a shawara ta 7, da lambar buɗe allon waya. Ya sa a ambulan, ya liƙe, ya sa hannu a kan bakin liƙin. Ɗayan ya san inda take, ya kuma san ba a buɗe ta sai da lalura. In an buɗe, za a gani. Rubutawa da ajami ba ɓoyewa ba ne a unguwar da kusan kowa ya yi makarantar allo.

Kwafi biyu za a yi. Ɗaya ya zauna tare da takardun fili da na haihuwa, a jakar da za a fara ɗauka in an ce a fita yanzu. Mutanen unguwar nan ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan jakar. Waɗanda suka kama hanyar Chadi da Garwa-Bulai daga ƙarshen 2013 zuwa 2014 sun san abin da ya tsira da abin da aka bari. Na biyun kada a ajiye shi a shago, don shagunan da suka ƙone a rikicin Disambar 2019 ba su ba kowa lokacin kwashe takarda ba. A kai shi wurin amintacce a wata unguwa ko wani gari. In ana shakka, a raba kalmomin shida gida biyu, uku wurin yaya, uku wurin kawu.

6. Buɗe taskar gida. Kowa ya fara buɗe asusunsa da imel ɗinsa. Wurin rajista Bitwarden tana tambayar inda za a ajiye taskar, Amurka ko Turai. Ku zaɓi wuri ɗaya ku biyu, in ba haka ba ba za ku iya haɗuwa ba. Taskar haɗin gwiwa, wadda a Faransanci aka rubuta Organisation, ba a buɗe ta a cikin manhajar waya, sai an shiga shafin Bitwarden ta Chrome ko makamancinsa. Ɗaya ya buɗe, ya zaɓi tsarin kyauta, ya gayyaci ɗayan ta imel. Wanda aka gayyata ya amsa. Sannan wanda ya yi gayyatar ya koma ya tabbatar da shi. Wannan mataki na uku shi ake yawan mantawa, sai a zauna ana cewa abin ba ya aiki. Tsarin kyauta yana ba da aljihu biyu a ciki. Ɗaya na gida da yara, ɗaya na shago, ya wadatar.

Ku lura da wani abu: duk abin da aka tura taskar gida ya bar hannun wanda ya tura, ya zama na taskar, kuma mai ikon taskar yana iya fitar da ɗayan. Don haka a gidan mace ɗaya, a ba ku biyun cikakken iko.

Gidan mata biyu ko uku kuwa lissafinsa daban ne. Tsarin kyauta mutum biyu kawai yake ɗauka, kuma mutum ɗaya ba ya shugabantar taskar kyauta fiye da ɗaya. Mafita ita ce kowace mace ta buɗe tata, ta gayyaci maigida a matsayin ɗan ciki kawai. Shi zai ga duka a wayarsa, uwargida ba ta ganin na amarya, amarya ba ta ganin na uwargida. Akwai tsarin iyali na kuɗi mai ɗaukar mutum shida, amma ko da kuɗin, ni dai ban ga hikimar zuba lambobin fasfon 'ya'yan ɗakuna biyu wuri ɗaya ba.

7. Ku ƙara mataki na biyu, amma ba ta saƙon tes ba. Alhaji ya isa Duwala, ya cire layin Bangui ya sa na Kamaru, ya zo shiga asusunsa, lambar tabbatarwa kuma ta tafi layin da ke cikin aljihun jaka ko wanda ya bar wa yaron shago. Maganin wannan shi ne manhajar da ke fitar da lambobi shida masu sauyawa duk daƙiƙa 30, irin Google Authenticator ko Aegis ko 2FAS. Ba ta buƙatar layi ko intanet, agogon waya kawai take so ya zama daidai, don haka a bar shi yana saita kansa. A kunna ta ga taskar da kuma Gmail.

Ranar da aka kunna, Bitwarden za ta ba da lambar ceto guda ɗaya, Google kuma, in an nema a saiti, lambobi goma masu alƙaluma takwas-takwas. Su shiga ambulan nan take, ba gobe ba. Akwai wani tarko da ya kamata a gane: in ba a kunna mataki na biyu ba, Bitwarden kan tura lamba zuwa imel idan aka shiga ta sabuwar waya. In kalmar sirrin imel ɗin tana cikin taskar kaɗai, to taska tana jiran imel, imel yana jiran taska, mai su kuma yana tsaye a waje. Shi ya sa kalmar imel take cikin takarda.

8. Kada ku ce sai kun sauya komai a dare ɗaya. A saitin waya a zaɓi manhajar a matsayin mai cike kalmomin sirri da kanta. Android na da wannan tun fitowar na 8. A fara da imel, sai banki, sai Facebook. Sauran, duk ranar da aka shiga ɗaya, a sa manhajar ta ƙirƙiro masa sabuwa mai tsawo ta adana. In wayar Tecno ce ko Itel ko Infinix kuma cikewar tana ƙin fitowa, a duba wurin tanadin batir a cire manhajar daga cikin waɗanda ake kashewa.

9. Lambobin da manhaja ba ta cikewa. Lambar sirrin Orange Money da ta katin banki da hannu ake buga su, kuma gajeru ne. A haddace su, a ajiye kwafi a taskar mutum ta kansa a matsayin rubutu, ba a taskar gida ba. Kada ta zama ita ce lambar buɗe waya. Kada a faɗe ta da baki a gaban mai cire kuɗi, kada a aiki yaro da ita, kuma duk wanda ya kira ya ce daga kamfani yake yana nemanta, ɓarawo ne, ko da ya ambaci sunanka da na mahaifinka.

A nan kuma za a ajiye lambar PUK mai alƙaluma takwas da ke jikin katin da layi ya zo a ciki, da lambar IMEI ta waya da ake gani in an buga *#06#. A sa wa layin kansa lambar kulle, don ɓarawo kan cire shi ya sa a wata waya ya karɓi saƙonnin tabbatarwa. Kuskure uku yana kulle layi, sai da PUK. Kuskure goma a PUK yana kashe shi gaba ɗaya, saboda haka ba wurin cinke ba ne.

WhatsApp yana da tasa lambar mai alƙaluma shida a ƙarƙashin tabbatarwa mai mataki biyu. Ku kunna, ku sa imel, ku adana. Sau da yawa a ƙwacen WhatsApp da ake yi, wani ne zai rubuto da sunan ɗan'uwa ko na ƙungiyar masallaci ya ce an turo maka wata lamba bisa kuskure, ka tura masa. Ga 'yar kasuwar da duk abokan cinikinta ke cikin WhatsApp, wannan lambar ta fi kwaɗon shago muhimmanci.

10. Wayar da ke yawo hannu-hannu. Wutar lantarkin ENERCA ba ta da tabbas, waya kan kwana wurin mai caji. Yara na karɓar ta Mama su yi wasa, yaron shago na karɓar ta Alhaji ya duba saƙo. A saita taskar ta kulle kanta da zarar an fita daga cikinta, kuma lambar buɗe ta ta bambanta da ta allo. A kulle kawai, kada a fita daga asusun gaba ɗaya, don komawa sai da intanet. In za a kai waya gyara, nan ne za a fita gaba ɗaya, a cire layi da katin memori.

11. Taskar gida ba hanyar bincike ba ce. Wani zai karanta duk wannan ya ce, to ai sai ta ba ni babbar kalmarta, in ba ta da abin ɓoyewa. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin sirrin mutane, kuma ba ta ware ma'aurata ba. A wayar mace akwai sirrin ƙawarta da na ƙanwarta da kuɗin adashin mata goma. A ta miji akwai bashin abokan ciniki da maganar danginsa. Ba nasu ba ne su kaɗai balle su bayar. Kuma wadda aka tilasta wa bayar da kalmarta, gobe za ta buɗe wani asusun da ba wanda ya sani, ba ambulan, ba kwafi, an koma gidan jiya.

Zo mu zauna, zo mu saɓa. In aure ya kai ga rabuwa, kowa ya tafi da taskarsa ba abin da ya taɓa ta. A karɓo ambulan, a sauya babbar kalma, a fitar da juna daga taskar gida, a sauya duk abin da ke cikinta, domin abin da ido ya gani ya riga ya gani. A duba Gmail da Facebook da WhatsApp a cire duk na'urar da ba a gane ba. Lambobin takardun yara kuwa kowa ya riƙe kwafi.

12. In rai ya yi halinsa. Ambulan tana buɗe ƙofa, amma ba ta mayar da abin da ke ciki na wanda ya buɗe. Kuɗin da ke Orange Money ko banki na mamaci gado ne: a biya bashi, a zartar da wasiyya, a fitar da tumunin takaba ko rabon miji, a ba 'ya'ya da iyaye nasu. Wanda ya shiga da lambar sirri ya kwashe kafin rabo ya jawo wa kansa rigima da dangi, da kamfani, da kuma Lahira. Amfanin shigar shi ne a san me ke akwai, wa ake bi, wa ke bi, a nuna wa malamin da zai raba. Zai fi kyau a buɗe ambulan a gaban shaidu biyu, ɗaya daga dangin mamacin.

Mai iya biyan kuɗin Bitwarden na shekara yana samun damar naɗa magajin gaggawa: ɗayan ya nemi shiga, in mai taskar bai hana ba har kwanakin da ya ƙayyade suka cika, sai ta buɗe masa. Mai naɗawar ne kaɗai ke biya. Google kuma yana da irin wannan kyauta a saitin asusu: ka zaɓi wata 3 ko 6 ko 12 ko 18, in asusun ya yi shiru tsawon haka, a sanar da mutanen da ka zaɓa, har goma, a ba su abin da ka yarda su gani, kamar hotuna ba tare da wasiƙu ba. Ku saita wannan, domin tun Disambar 2023 Google ya fara goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba, da hotunan da duk abin da ke ciki.